Ya Kai Ka Bakin Akwati, Ya Ja Baya

Ƙuri'a 342 ce ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmad Aliyu a zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris. Mutum sama da miliyan ɗaya suka jefa ƙuri'a, amma ratar da ta yanke hukunci ba ta kai yawan masu rajista a matsakaiciyar rumfa guda ba. Duk mai sana'ar wayar da kan masu zaɓe a jihar nan ya haddace wannan adadi, don shi ne amsar da yake bai wa saurayin da ya ce masa, "Malam, ƙuri'ata ɗaya me za ta canza?" Zai faɗi adadin, ya faɗi shekarar, ya yi shiru. Ba zai ƙara da cewa wane ne ya kamata ya ci ba, ko da kuwa a ransa yana da gwani, kuma yana da shi, don shi ma ɗan gari ne. Wannan shirun shi ne mafi wuya a cikin aikin, kuma shi ake biya.

Wasu za su ce ai wannan ba sana'a ba ce. Ba ta da sarki kamar yadda maƙera da mahauta suke da nasu, ba a gadonta, ba ta da layi a kasuwa, kuma kakarta sau ɗaya take zuwa a shekara huɗu. Amma tana da koyo, tana da kayan aiki, tana da ƙa'idar da in ka taka ta ka fita, kuma akwai masu cin abinci da ita. A gabashin Sakkwato masu yin ta yawanci samari ne da 'yan mata da suka gama Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka dawo gida suna jiran aiki, sai malaman firamare da na Islamiyya. Da dama daga cikinsu sun riga sun saba da shiga gida-gida, don su ne dai suke aikin rigakafin shan inna, su ne suke rabon gidan sauro. Ƙungiya mai zaman kanta daga Abuja ko Kano ko cikin garin Sakkwato takan kira su bita ta kwana biyu ko uku, a ba su riga da takardu da kuɗin mota, a ce kowa ya koma mazaɓarsa.

Kagara ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Goronyo. A kula, ba Kagarar jihar Neja ba ce. 'Yan jarida daga nesa sukan haɗa su. Wannan yanki na Goronyo da Wurno da Rabah ƙasar gulbin Rima ce, inda madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala ginawa a 1984, ta sa noman rani ya zama rabin rayuwa: albasa, tafarnuwa, shinkafa, alkama. Wanda zai yi aikin zaɓe a nan sai ya san kalandar manoma fiye da yadda ya san ta hukumar zaɓe. An yi babban zaɓen 2019 da na 2023 ne a Fabrairu da Maris, daidai lokacin da mai albasa yake fadama daga asuba, daidai kuma lokacin da saurayin da ba shi da fadama ya tafi cin rani Legas ko Ibadan ko Fatakwal. Katinsa na rumfar gida ne, shi kuma yana kan babur a Kudu. Ba a jefa ƙuri'a sai a rumfar da sunan mutum yake. Saboda haka tun watanni kafin zaɓe mai wayar da kai yake bin irin waɗannan samari da tambaya guda: "Ranar zaɓe kana ina?" In a can zai kasance, a nuna masa yadda ake neman sauya rumfa tun rajista tana buɗe. In gida zai dawo, ya fara tara kuɗin mota da kansa, kada ya jira motar da wani zai turo.

Yawo ƙauye-ƙauye da saƙon ilimi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Daga Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda kabarinsa yake, da kuma Sakkwato, Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru a ƙarni na 19, jajoji suna kai karatu ga matan karkara. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci. Gwamnatin Babangida ta kafa MAMSER a 1987 ƙarƙashin Jerry Gana, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama hukumar NOA a 1993. Su kuma jam'iyyu tun zamanin NPC ta Sardauna, ɗan Rabah, da NEPU ta Malam Aminu Kano suke da masu yi musu yawon jan hankali. To amma duk waɗannan kowa ya san wanda ya aiko su: ko malami, ko gwamnati, ko jam'iyya. Abin da yake sabo, wanda ya yi ƙarfi bayan komawa mulkin farar hula a 1999, shi ne mutum ya zo maka da maganar zaɓe ya ce shi ba na kowa ba ne. Har yau kunnen ƙauye bai gama sabawa da wannan ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Shi ya sa shiga gari take da tsari. Ba a sauka daga babur a fara busa lasifika. Sai an je an gaida uban ƙasa, an nuna takarda, ya haɗa ka da mai gari, mai gari ya haɗa ka da liman da masu unguwanni. A zaure za a yi maka tambayar da ba ta canzawa: "Yaro, wa ya aiko ka?" Ka ce, "Ranka ya daɗe, ƙungiya ce, kuma hukumar zaɓe ta san da mu." A ce, "To, ku na wane ne?" Ka ce, "Allah ya ja zamaninka, ba mu da ɗan takara, kati kawai muke so yara su karɓa." Dattijo ya gyaɗa kai, ba don ya yarda ba, zai sa ido ne ya ga gidan wa za ka sha ruwa, babur ɗin wa zai mayar da kai bakin titi. In ka kwana gidan shugaban jam'iyya na mazaɓa, ko da kawunka ne, ka gama aiki a garin.

Sutura ma magana ce. Tsintsiya tana da masu ita, lema tana da masu ita, jar hula tana da masu ita, kwandon kayan marmari ma ya samu masu shi a 2023. Gogagge a sana'ar nan gara rana ta gasa shi da ya ɗaga lema a dandali. Takardar gwaji da yake koya dangwale da ita ba ta ɗauke da alamar wata jam'iyya ta gaske. Akan zana wasu abubuwa dabam, don in yatsarsa ta sauka kan alama ta gaske sau biyu a gaban jama'a, kafin la'asar labari ya kai gidan ɗan takara.

Kalmomi sun fi tufafi tarko, don 'yan siyasa sun riga sun mallake mafi daɗinsu. "Canji" ya zama na wasu tun 2015. "Sak" na masu cewa a zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa ne. Ka ce "a zaɓi cancanta" sai ɗaya ɓangaren ya ce kana yi wa masu shinkafa da wake aiki. Hatta "a kasa, a tsare, a raka", wanda shawara ce mai kyau ga kowane mai zaɓe, an san bakin da ya fito. Ka yi zancen lalacewar asibitin gari, mai mulki ya ce da shi kake. Ka ce an gyara hanya, ɗan adawa ya ce an saye ka. Ƙwararre yakan juya maganar ta koma tambaya: "Ku me kuke so a yi muku? Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi wannan, ku kuma riƙe amsarsa." Sabon shiga kuwa, da an yi masa tafi sau ɗaya sai baki ya zarce.

Ainihin ilimin sana'ar ƙananan abubuwa ne waɗanda ba a kula da su sai sun hana mutum zaɓe. Mafi girma a cikinsu shi ne sake rajista. Mutum ya ɓatar da kati, ko ya ƙone, ko ya koma wani gari, sai ya je ya shiga layi a sake ɗaukar hotonsa kamar sabo. Kwamfutar hukumar tana gwada yatsu da fuskoki ta gano shi, ta soke sabuwar rajistar, ya yi ta zarya yana neman katin da ba za a taɓa bugawa ba. A rajistar da aka yi daga Yunin 2021 zuwa ƙarshen Yulin 2022, mutum kusan miliyan 12.3 suka kammala, hukumar zaɓe ta INEC ta soke kusan miliyan 2.8, yawanci saboda maimaici. Abin da ake yi in kati ya ɓata shi ne neman a sake buga shi, kuma wannan jimla guda in ta shiga kunnen mutum ɗari ta fi taron gangami amfani. Sai batun lalatattun ƙuri'u, waɗanda suka haura miliyan 1.2 a zaɓen shugaban ƙasa na 2019: tawada ta yi yawa, an dangwala tsakanin gida biyu, an naɗe takarda ta yadda ɗanyen tawada ya taɓa wata alama. Sai sanin cewa ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, kuma duk wanda 2:30 na rana ta same shi a layi sai ya yi zaɓe ko da dare zai yi. Sai na'urar BVAS, wadda ke tantance mutum da yatsa ko da fuska, abin da ya zama sauƙi ga manomin da fartanya ta cinye zanen yatsunsa da amaryar da ta sha lalle. Sai kuma haƙƙin tsayawa a ga an ƙirga, an rubuta sakamako, an liƙa shi a bango.

Rabin wannan aiki namiji ba zai iya shi ba, don ba zai wuce zaure ba. Matan Arewa ba su samu damar zaɓe ba sai 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, amma yau duk wanda ya ga layin mata ranar zaɓe a karkarar Sakkwato ya san su ne ke cika akwati. 'Yan siyasa sun fi kowa sanin haka, shi ya sa sabulu da atamfa da taliya suke bi ta hannun shugabar mata su shiga cikin gida. Yarinyar da ke wayar da kai takan bi ta gidan suna, gidan biki da makarantar matan aure, ta fara da uwargida: "Inna, ina katinki yake?" Sau da yawa amsar ita ce yana wurin maigida, ko kuma wani ya zo ya karɓa ya ce za a kawo tallafi. Daga nan aikin ya tashi daga koyar da dangwale ya koma lallashi, don ba za ta shiga tsakanin mata da miji ba, kuma ba za ta fita ta bar katin a inda yake ba tare da ta faɗi gaskiya ba.

Mutane da yawa, har da wasu masu yin aikin, sun ɗauka rashin ɗaukar ɓangare ladabi ne kawai ko sharaɗin masu ba da tallafi. Doka ce. Sashe na 221 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu wata ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a, ko ta ba da gudummawa ga asusun jam'iyya ko ga kuɗin yaƙin neman zaɓen ɗan takara. Sashe na 225 ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga wajen Najeriya. In sun zo sai ta miƙa wa INEC cikin kwana 21. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda a ƙarƙashinta ake yi wa ƙungiyoyi rajista, ta hana kamfani ba jam'iyya kyauta. A haɗa waɗannan wuri guda a ga inda mai wayar da kai yake tsaye. Kuɗin rigarsa da na motarsa mafi yawa daga waje suka fito, daga Tarayyar Turai, Birtaniya, Amurka ko wata gidauniya. Muddin bai kira suna ba, kuɗin ilimantarwa ne, halal a idon doka. Ranar da ya ce "ku zaɓi wane" a gaban mutum goma a gindin bishiya, ƙungiyarsa ta yi abin da tsarin mulki ya hana, kuma kuɗin ƙasar waje ya shiga yaƙin neman zaɓe. A Amurka ma haka layin yake: tun 1954 dokar haraji ta hana ƙungiyoyin agaji da aka yafe wa haraji goyon bayan ɗan takara, amma ta bar su su yi wa matasa rajista su kuma tura su rumfa, kamar yadda Rock the Vote take yi tun 1990.

Irin wannan bambanci ne ya sa liman zai iya ba shi minti biyu bayan sallah ya ce a je a karɓi kati, alhali Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada. Shi ne kuma ya sa yake iya aiki tun kafin a buɗe kamfe, wanda dokar ta ce yana farawa kwana 150 kafin zaɓe, ya tsaya awa 24 kafin ranar.

Abin da ke shiga aljihunsa kaɗan ne, kuma ba ya zuwa da wuri. Sai ya kawo takardar sa hannun mahalarta, da hotuna, da rasit na man babur a ƙauyen da mai sayar da mai a kwalba bai taɓa ganin rasit ba. Ƙungiyar da ta ɗauke shi ita ma tana da nata binciken, daga masu tallafi, daga hukumar rajistar kamfanoni, da sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. A daidai wannan lokaci abokinsa da suka yi aji ɗaya, wanda ya shiga "ƙungiyar goyon baya", ya samu sabon babur. Tayin da ake yi masa ba ya zuwa da sunan cin hanci. Wani babba ne zai kira shi gefe ya ce, "Ɗana, aikinka yana kyau. Wannan takardar sunayen da lambobin waya, ba ni in duba." Ko ya ce a riƙa rubuta lambar katin kowa don a san yawan waɗanda suka karɓa. Wannan takarda ita ce kaya mafi tsada da mai wayar da kai yake ɗauke da su, don mutane sun rubuta sunansu ne bisa amana. Kuma cinikin kati ba tatsuniya ba ce a nan: a 2022 an kama wani a Sabon Birni, maƙwabciyar Goronyo, da katin zaɓe 101, kotu ta ɗaure shi shekara ɗaya. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin da ya kai shekara biyu ga mai saye ko sayar da kati.

A nan ne nake ganin dokar ta yi awo da mudu biyu. Ƙaramin mai aiki tana bin sa har kan rasit, babban mai kashe kuɗi kuwa ta rubuta masa iyaka ta juya baya. Dokar 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da naira biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, ɗan majalisar jiha miliyan 30, kuma mutum ɗaya kada ya ba ɗan takara fiye da miliyan 50. Hukuncin da dokar ta tanada ga wanda ya zarce shi ne tarar kashi 1 cikin 100 na iyakar, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyu. Wato mai neman gwamna da ya wuce biliyan ɗaya zai iya fita da tarar miliyan 10, kuɗin da bai kai na fastoci ba. Jam'iyyu an ce su kai wa INEC bayanin abin da suka kashe cikin wata shida bayan zaɓe, hukumar kuma ta sha kokawa cewa yawancinsu ba sa kaiwa. A Disambar 2014, lokacin da iyakar ɗan takarar shugaban ƙasa take biliyan 1, an yi taron tara wa PDP da Goodluck Jonathan gudummawa a Abuja aka sanar da kimanin biliyan 21 a dare ɗaya, a gaban kyamarori. A 2022 APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa miliyan 100, ta gwamna miliyan 50, ta majalisar wakilai miliyan 10. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar kafa hukuma ta musamman mai hukunta laifukan zaɓe tun 2008, aka yi ta kai ƙudurin majalisa ana dawowa da shi. Su kuma ƙungiyoyin goyon baya, waɗanda a zahiri su ne sashe na 221 ya fi shafa, kowane zaɓe ɗaruruwa suke fitowa da riguna da motoci.

Wannan farashi shi ne kuma ya rage wa gyaran shekarun takara da Yiaga Africa ta Samson Itodo ta jagoranta armashi. Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha suka sauko daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Gyara ne na gaske. Amma ɗan shekara 25 a mazaɓar Goronyo da Gada, ko ta Wurno da Rabah, da zai iya sayen takarda ya kuma ɗauki nauyin zaɓen fitar da gwani, ko ɗan wani ne ko yaron wani.

Tambayar da ta fi kowace tsayar da mai wayar da kai ita ce ta sayar da ƙuri'a. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa ya nuna kashi 22 cikin 100 na 'yan Najeriya sun ce an yi musu tayin kuɗi a zaɓen 2023, sama da kashi 17 na 2019, duk da ƙarancin takardun naira da sauyin kuɗi ya jawo a lokacin. Da tsabar kuɗi ta yi wuya sai aka koma tura wa ta waya da rabon kaya. Dattijuwa za ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, kai me ka kawo mana? Su ko ba komai sun kawo taliya." Akwai masu amsawa da "ku karɓa, kuɗinku ne, ku zaɓi ra'ayinku." Jama'a suna son wannan amsa, amma karɓar ma laifi ne a doka, wanda Dokar 2022 ta sa wa tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 12, kuma sau da yawa ana haɗa kuɗin da rantsuwa, wadda mutumin ƙauye ba ya wasa da ita. Akwai masu yin wa'azi su ce haramun ne, su wuce, su bar mai yunwa da yunwarsa. Waɗanda na fi ganin sun iya aikin lissafi suke yi da mutum: a raba abin da aka ba ka gida 1,460, yawan kwanakin shekara huɗu, a ga nawa ya kama a rana. Sannan su tabbatar masa cewa babu mai ganin inda ya dangwala in shi bai nuna ba, shi ya sa INEC ta hana shiga wurin dangwale da waya. Mai sayen ƙuri'a ya dogara ne da tsoron da mutum yake ji cewa za a gane. In tsoron ya ragu, cinikin ya yi masa tsada.

Sai kuma abin da babu littafin bita da ya tanada. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutum sama da 40. A wannan lokaci an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, daidai lokacin da INEC take cewa a fara rajista ta intanet. Ƙauyuka sun watse, mutane sun koma cikin garuruwa da makarantu, wasu sun tsallaka Nijar, katunansu sun ƙone tare da ɗakunansu. Hukumar tana da tsarin zaɓen 'yan gudun hijira tun 2015, amma wanda ya sauka gidan ɗan'uwa ba ya cikin lissafin sansani. Tara jama'a a fili kansa ya zama haɗari, saboda haka aikin ya koma rediyo, saƙon murya a WhatsApp, da hira da mutum biyar-biyar a majalisa da wurin mai shayi. Kuma wanda aka kashe wa uba, aka biya kuɗin fansar ƙanwarsa da gonar gado, in ka ce masa ƙuri'arsa ce 'yancinsa, kallon da zai yi maka ya isa. Masu hankali a sana'ar ba sa yi masa alkawarin cewa zaɓe zai kawo tsaro. Sukan taimake shi ya nemi sabon kati, su bar masa sauran.

In ana auna sana'a da abin da ta fitar, sakamakon 2023 ba ya faranta rai. Rajista ta kai mutum miliyan 93.4, kusan kashi 40 cikin 100 matasa 'yan 18 zuwa 34, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa kashi 27 ne kacal, ƙasa da kashi 35 na 2019. A Sakkwato ma zaɓen 'yan majalisar tarayya na 25 ga Fabrairu bai kammala ba saboda hargitsi, sai da aka koma ranar 15 ga Afrilu. Ban ɗora wa mai wayar da kai wannan ba. Ba shi ya ɓoye naira ba, ba shi ya fasa akwati ba. Laifin da nake gani na tsarin da ke biyan sa ne. Rahoto yana son adadi, mutum nawa suka halarta, kati nawa aka karɓa, don haka ake zuba kuɗi a kan wasan mawaƙa a Legas da Abuja da taron otal a babban birnin jiha, inda ƙirga take da sauƙi, a kuma tuna da mazaɓa irin Kagara saura wata uku zaɓe. Da an rantsar da gwamna sai a rufe aikin, a karɓi rahoto, yaron ya koma fadama ko ya jira zagayen rigakafi.

Ko wannan ɗan abin ma ya ragu, tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin USAID a farkon 2025. INEC ta sake buɗe rajista a watan Agustan 2025, tsakiyar damina, a ofisoshinta na jihohi da na ƙananan hukumomi. Ma'ana a lokacin yaron Kagara da ya cika 18 sai ya bar gona ya nemi kuɗin zuwa cikin garin Goronyo, ya dawo, ya kuma sake komawa in kati ya fito. Doka ta hana a ɗauke shi a motar gwamnati zuwa wurin rajista. Ƙungiya tana iya ɗaukar sa, in tana da kuɗin mai. Wanda a kullum yake da mota a cike da mai, kuma yake so ya san sunan kowane yaro da ya shiga cikinta, shi ne mai shirin tsayawa takara.